Ciwon da ke riga ciwon suga zuwa

Duk gidan da aka dawo daga asibiti da labarin sugan maigida ya hau, abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne. A ɗauke gwangwanin sukari daga gabansa, a sawo zuma. A daina zuba masa shinkafa, a aika kasuwa a auno acca ko alkama. Kafin mako ya zagayo wani ɗan'uwa ya kawo garin magani a ƙullin leda, wani ya turo bidiyon ganyen da ake cewa yana kashe ciwon cikin kwana bakwai. Da daddare a ajiye masa malmala uku ta tuwon alkama, ya tashi da su, ya kora da shayi mai zuma, ya kwanta yana jin ya kiyaye dokar likita. Bayan wata uku a koma awo, a tarar lamba tana nan inda take, ko ma ta ƙara gaba. Sai a ce ai ciwon ne ba ya jin magani.

Ni a ganina tambayar ce aka yi ta a karkace. Kowa yana tambayar me za a ci a madadin me. Ba kasafai ake tambayar nawa za a ci ba, ko me jiki zai yi da abin da aka ci, balle a tambayi yaushe matsalar ta faro. Amsar wannan ta ƙarshen ce ta fi tayar da hankali: ranar da na'ura ta nuna suga ya hau, galibi an yi shekaru, wani lokaci goma ko fiye, jiki yana cikin wani hali da likitoci ke kira bijire wa insulin. Shi ne matakin da ya fi sauƙin juyawa, shi ne kuma ba mai neman sa.

Mu fara da yadda abin yake idan lafiya lau. Jinin da ke jikin babban mutum ya kai wajen lita 5, amma sugan da ke yawo a cikinsa gaba ɗaya bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, cikin ƙaramin cokalin shayi ke nan. Malmalar tuwo guda kuwa, da zarar hanji ya narkar da ita, tana sakin ninkin wannan sau da yawa. Dole a sami mai kwashe shi daga jini cikin hanzari. Aikin insulin ke nan, sinadarin da wata gaɓa mai suna fankiriyas, wadda ke kwance a bayan tumbi, take fitarwa duk sa'ad da aka ci abinci. Yana sa tsoka ta karɓi suga, kuma ita ce ke kwashe mafi yawansa, wajen kashi 80 cikin 100 a gwajin da masana ke yi. Yana sa hanta ta dakata da zuba nata sugan cikin jini, domin hanta ce ke ciyar da jiki cikin dare da lokacin azumi. Sannan yana sa kitse ya adana rarar da ta saura.

Bijirewa ita ce sa'ad da waɗannan gaɓoɓi suka fara yi wa umarnin kunnen uwar shegu. Adadin insulin da a da yake isa, yanzu ba ya isa. Fankiriyas ba ta da wata dabara sai ta ƙara yawansa, ta ninka, ta sake ninkawa. Muddin tana iya wannan, sugan jini zai zauna daidai, a je kemis a soki yatsa, a ga lamba mai kyau, a yi hamdala. Alhali insulin ya yi wa jini yawa, yana sa ƙoda riƙe gishiri, hawan jini yana samun gindin zama, hanta tana ta ƙera kitse. Sai ranar da ƙwayoyin da ke haɗa insulin suka gaji suka fara gazawa, sannan suga ya hau. Abin da muke ɗauka farkon ciwon suga ne, an daɗe da wuce farkon.

Ba sabon ilimi ba ne. An gano insulin a Toronto ta Kanada a 1921, ta hannun Frederick Banting da Charles Best, aka fara yi wa ɗan Adam allurarsa a Janairun 1922. A 1936 wani likita a Landan, Harold Himsworth, ya lura masu ciwon suga iri biyu ne: waɗanda ba su da insulin, da an yi musu allura sai suga ya sauka, da waɗanda ko an ba su ba ya yi musu tasiri yadda ya kamata. A 1988 Gerald Reaven na Jami'ar Stanford ya haɗa zaren, ya nuna hawan jini, lalacewar kitsen jini, ciwon zuciya da ciwon suga irin na manya sau da yawa daga tushe ɗaya suke tsirowa. Ke nan dattijon da ke bin layin hawan jini ran Litinin, ya dawo layin suga ran Alhamis, mai yiwuwa ciwo ɗaya yake yi wa zirga-zirga biyu.

To me ke sa jiki ya bijire? Akwai gado, akwai shekaru, akwai juna biyu, akwai wasu magunguna. Amma babban abin da ke hannunmu shi ne kitsen da ya sauka inda ba wurinsa ba. Kitsen ƙarƙashin fata rumbu ne, don ajiyar rara aka gina shi. Muddin akwai wuri a rumbu, hatsi ba ya damun kowa. Idan ya cika aka ci gaba da kawo dami, sai a fara jibgewa a zaure, a ɗakin kwana, a madafa, har gidan ya gagari zama. Haka rarar abinci take yi. Idan ƙarƙashin fata ya cika sai ta koma cikin ciki, ta shiga hanta, ta shiga tsoka, ta shiga ita kanta fankiriyas. Hantar da kitse ya cika ba ta jin insulin, sai ta yi ta zuba suga cikin jini har da tsakar dare, shi ya sa mutum zai kwana bai sa komai a baki ba ya tashi da suga a sama. Kuma girman rumbun kowa daban ne. Wani zai kai kilo 120 nasa bai cika ba, wani yana kilo 70 ya riga ya tumbatsa.

Cikin waɗanda suka bi diddigin wannan har ƙarshe akwai Farfesa Roy Taylor na Jami'ar Newcastle a Ingila. A 2011 ya wallafa wani ƙaramin gwaji: mutum 11 masu ciwon suga irin na manya, aka rage musu abinci zuwa kalori 600 a rana har mako takwas, ana ɗaukar hoton hantarsu da na'ura. Cikin mako ɗaya kacal kitsen hanta ya ragu da wajen kashi 30 cikin 100, sugan safiya ya dawo daidai. Fankiriyas ta fi jan lokaci, amma kafin mako takwas ya cika ta farfaɗo. Daga nan shi da Farfesa Mike Lean na Glasgow suka yi babban gwaji mai suna DiRECT a ƙananan asibitocin unguwa, da mutum kusan 300 waɗanda ciwonsu bai wuce shekara shida ba. Sakamakon da ya fito a ƙarshen 2017 ya nuna kashi 46 cikin 100 na waɗanda aka ɗora a kan tsarin rage nauyi sun cika shekara sugansu yana ƙasa da ma'aunin ciwo, ba tare da shan ƙwaya ba. Cikin waɗanda suka sauke kilo 15 ko fiye, kashi 86 ne. A rukunin da aka bari da kulawar da aka saba, kashi 4.

A lura da abin da babu a wannan labari. Babu ganye, babu saiwa, babu wani hatsi mai asiri. Abin da aka ba mutanen nan ruwa-ruwa ne na kanti, kuma fiye da rabin ƙarfinsa daga dangin sitaci ya fito. Abin da ya raba wanda ya samu sauƙi da wanda bai samu ba shi ne kilo nawa ya sauka.

Wani zai ce ai wannan jikin Turawa ne. To mu dawo gida. Likitoci a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato sun auna Fulanin birni da Fulanin karkara a bincike biyu da suka fito a 2011 da 2013. A birni sun sami ciwon suga a kashi 4.6 cikin 100, a karkara bai kai kashi 1 ba. Jini ɗaya ne, ƙasa ɗaya ce. Kuma Bafulatanin ruga ba nama da ƙwai yake wuni ci ba, gero ne da dawa da nono, wato sitaci ne ginshiƙin abincinsa. Abin da ya raba shi da ɗan'uwansa na birni shi ne yana wuni a kan ƙafarsa, ba ya cin abin da ya fi ƙarfin aikinsa, lemon kwalba kuma sai ran kasuwa. An ga haka a wurin 'yan ƙabilar Pima: waɗanda ke Arizona ta Amurka kashi 38 cikin 100 na manyansu suna da ciwon, 'yan'uwansu manoma a duwatsun Meziko kusan kashi 7.

Nazarin da Farfesa Andrew Uloko na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranta a 2018, wanda ya tattara binciken da aka yi a sassan Najeriya, ya kiyasta masu ciwon suga a kashi 5.77 cikin 100, Arewa maso Yamma kuma kashi 3. Kada ƙanƙantar lambar ta ruɗe mu. Ƙungiyar yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ce fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su san suna da shi ba. Waɗanda ke matakin bijirewa kuwa, su ba sa ma cikin lissafi.

Tunda sukar yatsa ba ta kama shi da wuri, da me za a gane shi? Jiki yana nunawa, mu ne muke karanta shi a baibai. Akwai yarinyar da za ka ga bayan wuyanta ya yi baƙi, fatar ta yi kauri ta yi layi-layi. Uwa ta ce ƙazanta ce, a sa soso da sabulu a yi ta dirza har wurin ya yi ja, daga baya a sawo man bilicin. Ba dauɗa ba ce. Yawan insulin ne ke sa fatar wuya da hammata da matse-matsi yin haka, wani lokaci har da 'yan ƙananan tsiro a wuya. Sau da yawa ita ce kuma al'adarta ke rikicewa, ta yi wata biyu ko uku ba ta gani ba, gashi ya fara fito mata a haɓa. Idan ta yi aure haihuwa ta yi jinkiri, a fara zancen iska ko sammu, alhali matsalar ƙwan mace ce da likitoci ke kira PCOS, wadda ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da bijire wa insulin. Haka macen da suganta ya hau lokacin goyon ciki ya sauka bayan ta haihu, jikinta ya riga ya yi mata gargaɗi.

Ga maza kuwa, tela ya fi likita saurin sani. Shi ne duk sallah yake zagaya tef a cikin maigida, ya ga inci 34 ya koma 38, ya koma 42, ya rubuta a littafinsa ya yi shiru, ko ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, hutu ya karɓe ka." Babbar riga da kaftani kuma suna rufa asiri. Ma'aunin ba shi da wuya: a auna ciki wajen cibiya, kada ya kai rabin tsayin mutum. Mai tsayin santimita 170, cikinsa kada ya kai 85. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta sa wannan ma'auni cikin shawarwarinta a 2022. Igiya ma ta wadatar: a auna tsayi da ita, a ninka ta biyu, a ga ko za ta zagaye ciki.

A asibiti, sugan safiya kafin a karya da ya kama daga 100 zuwa 125 alama ce ta an kusa, 126 zuwa sama kuma ciwo ne idan an maimaita awon ya tabbata. Akwai awon HbA1c mai nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, inda 5.7 zuwa 6.4 ke nufin ana bakin gaɓa. Sai dai mu a nan akwai tarko. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya jininsu AS ne, ƙarancin jini kuma ya yi yawa musamman a mata, kuma duka biyun suna iya karkatar da wannan awo, gwargwadon irin na'urar da aka yi amfani da ita. Dakta Anne Sumner, ta cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, ta shafe shekaru tana nuna cewa mutanen da asalinsu Afirka ne sukan bijire wa insulin alhali kitsen jininsu mai suna tiragilisarid yana daidai, wanda shi ne alamar da ake kama Turawa da ita. Duk wanda cikinsa ya wuce ma'auni, ko iyayensa suna da ciwon, aka ce masa awo ya yi kyau, yana da haƙƙin ya nemi awon da ake shan ruwan suga a jira awa biyu.

Akwai wani abu da muke yi wa kanmu da hannunmu wanda ya kamata a faɗe shi ba kwana-kwana. Ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda 'yan mata ke sha gab da biki don amarya ta ciko, da yawansu deksametason ne ko danginsa. Wannan magani ne mai amfani a hannun likita, amma ɗaya daga cikin sanannun illolinsa shi ne yana sa jiki ya bijire wa insulin kai tsaye, ya tara kitse a ciki da fuska, ya zaizaye tsoka. Wasu mayukan bilicin ma suna ɗauke da danginsa, yana ratsa fata ya shiga jini. Da kuɗinmu muke sayen ciwon, mu kira shi gyaran jiki.

Yanzu ga abin yi. Ƙafa zan fara ambata kafin kwano, domin ita ta fi saurin biya. Tsokar da ke aiki tana zuƙe suga daga jini ko da insulin bai umarce ta ba, hanya ce daban da ba ta toshewa. Bayan an gama aikin kuma tsokar tana ci gaba da jin insulin sosai har kwana ɗaya zuwa biyu. Wannan ne ya sa ƙwallon ranar Asabar kaɗai ba ta isa, dole abin ya zama na kusan kullum. A garin Da Qing na ƙasar Sin, daga 1986, an bi mutum 577 da ke bakin gaɓar ciwon har shekara shida: rukunin motsa jiki haɗarinsu ya ragu da kashi 46 cikin 100, rukunin gyaran abinci da kashi 31. A Amurka, gwajin da ya fito a 2002 ya ɗauki mutum 3,234. Waɗanda aka nema su yi tafiya mai sauri ta minti 150 a mako, su sauke kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, haɗarinsu ya ragu da kashi 58. Waɗanda aka ba ƙwayar metfomin, kashi 31. A cikin 'yan shekara 60 zuwa sama ragin ya kai kashi 71, abin da ya kamata masu cewa girma ya zo an makara su ji. Ga mai kilo 85, kashi 7 ɗin nan kilo 6 ne kawai.

Lokacin tafiyar ma yana da tasiri. Masu bincike a Jami'ar Otago ta New Zealand sun nuna a 2016 cewa tafiyar minti 10 bayan kowane abinci ta fi tafiyar minti 30 a wani lokaci daban sauke sugan bayan cin abinci, kuma bambancin ya fi fitowa bayan abincin dare, inda ya kai kashi 22 cikin 100. Namiji a garuruwanmu ba ya bukatar wani dogon shiri don wannan. Ya ci tuwonsa bayan magariba, ya taka zuwa masallacin da ya ɗan fi nisa don isha'i, ya bar babur a gida.

A wajen mata ne maganar take da ƙaya. Kakanninmu mata sun yi surfe, sun yi daka, sun yi niƙa, sun ɗebo ruwa, sun faskara itace. Inji ya karɓi wannan duka, kuma madalla da hakan, ba mai hankalin da zai ce a mayar da mace bakin turmi da sunan lafiya. Amma an cire aikin ba a saka komai a gurbinsa ba. Matar da ke zaune a gida mai ɗaki biyu da tsakar gida taku biyar, wadda idan ta fita ƙofa tana tafiya da sauri unguwa za ta ɗauka, ita aka fi faɗa wa ta riƙa motsa jiki, ba a faɗa mata a ina ba. Akwai abin da za ta iya a ɗaka: zama da tashi daga kujera sau goma sha biyar, a huta a sake, ɗaga jarkar ruwa, hawa matattakala idan akwai, domin ƙarfafa tsoka sau biyu a mako yana cikin shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya. Amma wannan rabin amsa ne. Makarantun Islamiyya na matan aure suna da fili da katanga, suna tara mata sau da yawa a mako, rabin awa kafin darasi ba zai rage komai ba. Maigidan da ke biyan kuɗin magani duk wata ba tare da ƙorafi ba, ya kamata ya iya raka matarsa zagaye unguwa bayan isha'i.

A kwano kuwa, abin sha za a fara kamawa. Tsaya a teburin mai shayi da safe ka zuba ido: cokali uku ko huɗu na sukari, madara, garin koko mai zaƙi a kai, sannan rabin burodin da shi ma da sukari aka kwaɓa shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2015 kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin 100 na kalorin abincin yini, wajen giram 50 ke nan, cokalin shayi 12, kuma rabin haka ya fi. Robar lemo ta rabin lita ita kaɗai tana iya cinye wannan kason. Zoɓo, kunun aya da kunun zaƙi na sayarwa ba su fi ta tsira ba, haka lemon malt da ake haɗawa da madara a ba mai jego wai ƙarin jini. Sukarin da aka sha ba ya ƙosarwa kamar wanda aka tauna, kuma rabinsa wani nau'i ne da hanta ke ɗaukar nauyin sarrafa shi, idan ya yi mata yawa ta mai da shi kitse. Zuma tana da darajarta, amma wajen kashi 80 cikin 100 nata sukari ne, kuma hanta ba ta yi mata wani lissafi daban. Harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi da dokar kuɗi ta 2021 ta kawo a Najeriya, hauhawar farashi ta riga ta shanye shi, ba wanda ya fasa sayen lemo saboda shi.

Sai hatsi. Ba sunansa ne abin dubawa ba, yadda aka sarrafa shi ne da yawan da aka ci. Duk hatsin da aka surfe tas aka zubar da dusarsa, aka kai inji ya fito lallausan gari, aka tuƙa shi ya yi santsi, hanji zai narkar da shi nan take, ko acca ce ko alkama ko masara. Malmala uku ta alkama ta fi malmala ɗaya ta masara ɗora wa jiki nauyi. Farar shinkafa ma haka: nazarin da ya fito a mujallar likitoci ta BMJ a 2012 ya sami ƙarin haɗarin kashi 11 cikin 100 a kan kowane ƙarin zubi ɗaya a rana. Gyaran da ya fi dacewa da tukunyarmu shi ne a juya rabon: tuwo ya ragu, miya ta ƙaru, a bar wa hatsi ɗan dusarsa. Kuka, kuɓewa, yakuwa, alayyahu, kwaɗon zogale da na rama da ƙuli-ƙuli, waɗannan da ake yi wa kallon abincin talaka su ne ke rage wa sitaci gudu a hanji. Wake kuwa babu kamarsa, ko dafaffe ko alale, kuma shinkafa da wake ta fi kyau idan waken ne ya rinjaya. Wani ƙaramin gwaji a New York a 2015 ya nuna ko jerin cin yana da tasiri: waɗanda suka fara da ganye da nama suka ƙare da sitaci, sugansu bai hau kamar lokacin da suka fara da sitacin ba.

Masu wa'azin a daina cin sitaci ɗungurungum suna da 'yar gaskiyarsu, domin rage shi yana sauke suga da wuri, kuma wasu sun fi jin daɗin wannan hanya. Amma gwajin Jami'ar Stanford na 2018, da mutum 609, ya kwatanta masu rage sitaci da masu rage mai har shekara guda, bai sami wani bambancin kirki a nauyin da suka sauke ba. Kuma a ce wa magidanci mai 'ya'ya takwas a wannan tsadar ya koma nama da ƙwai da kifi, ba shawara ba ce, zolaya ce. Tsarin da mutum zai iya riƙewa shekara biyar da kuɗin aljihunsa, shi ne tsarinsa.

Barci ma yana ciki. A Jami'ar Chicago a 1999 an taƙaita wa samari 11 masu ƙoshin lafiya barci zuwa awa huɗu har dare shida, jikinsu ya koma kwashe suga a hankali da wajen kashi 40 cikin 100. Mai kwana a kan waya har ƙarfe biyu ya tashi asuba ya san inda ya tsaya. Azumin Ramadan kuwa dama ce da muke ɓarar da ita a faranti. Bincike da dama sun nuna mai azumi yakan sauke kilo ɗaya zuwa biyu, ya mayar da su cikin 'yan makonni bayan sallah. Ba abin mamaki ba ne ga wanda ya ga shan ruwanmu: kunu mai sukari, lemo, soyayyen dankali da doya, sannan tuwo, sannan kwanciya. Hadisin raba ciki gida uku kowa ya haddace shi, aiki da shi ne ya yi ƙaranci.

Kada kuma a ɗauki juyawa a matsayin warkewa. A gwajin DiRECT kashi 46 ɗin nan sun koma 36 a shekara ta biyu, a shekara ta biyar kuma kashi 13 ne na waɗanda aka ci gaba da bibiya suka rage. Duk wanda nauyinsa ya dawo, ciwon ya biyo shi. Wanda ya samu sauƙi zai ci gaba da awo, a ci gaba da duba masa ido da ƙoda da ƙafa. Wanda kuma yake kan allurar insulin ko ƙwaya irin gilibenkilamid, kada ya rage abinci da ƙarfi ko ya ɗauki dogon azumi sai likitansa ya daidaita masa magani, domin suga yana iya faɗuwa ya sumar da shi. Yaron da ke da nau'in farko, wanda jikinsa ba ya haɗa insulin sam, wannan magana duk ba tasa ba ce, allura ce rayuwarsa.

Akwai kuma wasu da wannan shawara za ta iya cutarwa, kuma ina jin a yankinmu ba su da kaɗan. Tun 1992 masana biyu a Ingila, Nicholas Hales da David Barker, suka kawo hujjar cewa jaririn da ya sha yunwa a ciki ko a farkon rayuwa yakan tashi da fankiriyas marar ƙarfi. An ga haka a 'ya'yan da aka yi cikinsu lokacin yunwar Holan ta 1944 zuwa 1945, waɗanda suka girma jikinsu bai iya sarrafa suga kamar na tsararrakinsu ba. Waɗanda aka haifa a farin 1973 da na 1984 a ƙasar Hausa, a Najeriya da Nijar, yanzu suna tsakanin shekara arba'in da hamsin da 'yan kai, da yawansu a birni. Irin waɗannan ƙaramar teɓa tana iya isa ta kayar da su. Wasu ma ba su da teɓar ko kaɗan: a Afrilun 2025, a taronta na Bangkok, ƙungiyar yaƙi da ciwon suga ta duniya ta amince da nau'i na biyar, wanda ke kama ramammun matasa da suka tashi cikin tamowa. Su ba bijirewa ce matsalarsu ba, insulin ɗin ne ya yi musu kaɗan. Idan irin wannan saurayi ya zo asibiti haƙarƙarinsa a waje, sugansa 300, abin da yake bukata shi ne magani da abinci mai gina jiki, kuma ma'aikacin lafiyar da zai ce masa ya rage tuwo ya fara sa masa tef a ciki, ya tambaye shi yadda ƙuruciyarsa ta kasance.